Masu Kwana da Kyamara Suna Gadin Sama

A daren 19 ga Yulin 2009, wani mai rubuta manhajar kwamfuta da ake kira Anthony Wesley yana harabar gidansa a Murrumbateman, wani ɗan gari kusa da Kanbera a Ostireliya, yana ɗaukar hoton Mushtari, ƙatuwar duniyar nan da Turawa ke ce wa Jupiter. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke biyansa. Madubin hangen nesansa bai wuce santimita 37 a faɗi ba, ya maƙala masa wata ƙaramar kyamarar bidiyo. Wajen tsakar dare hoton ya soma dagulewa, har ya yi niyyar tattara kayansa, sai dai ya ɗan huta ya dawo. Dawowar da zai yi sai ga wani baƙin tabo can ƙuryar kudu ta Mushtari. Ya fara zaton inuwar ɗaya daga cikin watanninta ce, ko wata guguwa. Da ya duba hoton da ya ɗauka na wurin kwana biyu da suka wuce, fes yake, babu tabo.

Ya aika wa masana saƙo. Kafin a yi nisa madubin hukumar NASA da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai ya tabbatar da cewa wani abu ne ya faɗo wa Mushtari daga sarari ya tarwatse, ya bar tabon da aka kwatanta faɗinsa da na tekun Pasifik. Ranar 23 ga wata aka dakatar da gwajin sabuwar kyamarar madubin Hubble, aka juya shi ya kalli abin da mutum ɗaya ya hango daga gidansa.

Mai karatu zai ce to ina manyan na'urorin da aka kashe wa biliyoyin daloli suke lokacin da abin ya faru? Suna bakin aikinsu. Kowane babban madubi layi ake bi a same shi, masana su rubuta takardar neman lokaci watanni kafin ranar, a ba wannan sa'a uku, a ba wancan dare ɗaya, kuma kowa da ɗan gurbin sama da yake son dubawa. Babu wanda zai bar madubin Hubble ya kwana yana kallon Mushtari ko Allah zai sa wani abu ya faru. Wannan zaman jira ya rage wa masu sha'awa: malaman makaranta, injiniyoyi, 'yan kasuwa, tsofaffin da suka yi ritaya. Su ne masu gadin sama, kuma kyamarar dijital ce ta mayar da gadin nasu abin da kimiyya ke karɓa, domin a da in mutum ya ce ya gani sai a ce wa ya shaida.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna haka ƙarara. Ranar 3 ga Yunin 2010 Wesley ya sake kama wani walƙiya a jikin Mushtari, wanda bai fi daƙiƙa biyu ba. Can a Cebu ta ƙasar Filifin, Christopher Go yana ɗaukar nasa bidiyon a daidai wannan lokaci, kuma walƙiyar ta fito a nasa. Shaidu biyu, ƙasa biyu, kyamara biyu, magana ta ƙare. Masana suka lissafa cewa dutsen da ya faɗa bai wuce mita 8 zuwa 13 ba. Daga irin waɗannan bidiyoyi ne ake ƙiyasta yawan duwatsun da ke yawo a wancan ɓangare na sarari.

Masu sha'awa sun daɗe a wannan fage. John William Draper ya ɗauki hoton wata a Niyok a 1840. A 1883 Andrew Ainslie Common, injiniyan magudanan ruwa, ya ɗauki hoton gajimaren taurari na Orion daga lambunsa a Ealing, Landan, hoton ya fito da taurarin da ido bai iya gani ko ta cikin madubin da aka ɗauke shi da shi. A 1888 Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine, ya fito da murɗaɗɗen fasalin gungun taurari na Andromeda. Amma waɗannan masu kuɗi ne, kuma fim ɗin hoto ɓarnar haske gare shi. Cikin ƙwayoyin haske ɗari da suka sauka a kansa, 'yan ƙalilan yake riƙewa, sauran su tafi a banza. Ga shi sai an wanke ake sanin ko daren ya yi riba.

Sauyin ya faro ne a 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro farantin lantarki mai kama haske, wato CCD, a ɗakunan binciken Bell na Amurka, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2009. Ƙanensa CMOS shi ne ke cikin kusan kowace kyamara da wayar hannu a yau. Farantin an yanka shi gida-gida, miliyoyin ƙananan gidaje, kowanne yana tara haske kamar robobin da aka jera a tsakar gida ana tarar ruwan sama. In an rufe idon kyamara sai a auna abin da kowane gida ya tara, a rubuta shi da lamba. Faranti mai kyau yana riƙe fiye da rabin hasken da ya same shi. Kuma tunda lambobi ne, ana iya tara su, a raba, a debe. Duk sirrin sana'ar yana cikin wannan lissafi.

Mu fara da duniyoyi, Mushtari da Zuhalu mai zobe da Mirriku ja. Haske ba ya musu ƙaranci. Abokin gabarsu iska ce. Wanda ya taɓa kallon kwalta da tsakar rana a watan Afrilu ya ga yadda abin da ke nesa ke rawa saboda zafin da ke tashi. Haka sararin da ke kanmu yake dare da rana, iska mai ɗumi da mai sanyi suna cakuɗa suna karkatar da haske, shi ya sa taurari ke ƙyaftawa. In ka ƙara girman Mushtari a madubi za ka gan ta tana motsi, tana kumbura tana motsewa. Hoto guda da aka ɗauka a haka dishi-dishi zai fito. Sai dai iskar takan lafa na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta koma. Dabarar ita ce a bar hoto a koma bidiyo. Kyamara ta yi ta ɗauka, hoto ɗari ko fiye a kowace daƙiƙa, na minti biyu ko uku, a tashi da dubbai. Manhaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ba kowanne maki, ta zubar da mafi yawa, ta ɗauki waɗanda suka dace da lafawar iska, ta daidaita su, ta ɗora wani kan wani su zama guda.

Me ya sa sai an ɗora? Kowane hoto na ɗan gajeren lokaci yana fitowa da tsaki-tsaki, ɗige-ɗigen da ba na abin da aka ɗauka ba ne, daga zafin faranti da ƙarancin haske suke. Tsakin yana sauya wuri daga hoto zuwa hoto, ainihin siffar kuwa tana nan inda take. In aka tara, siffar ta yi ta ƙarfi, tsakin ya yi ta kashe juna. Lissafin a bayyane yake: hoto 4 yana ninka tsabta sau 2, hoto 100 sau 10, hoto 2,500 sau 50. Da yayyafi kogi kan cika. Dalilin tsayawa a minti biyu ko uku kuwa, Mushtari tana juya kanta cikin ƙasa da sa'a 10, in aka daɗe sai zane-zanen jikinta su goge juna.

Abin da ya fi burge ni a tarihin wannan dabara shi ne kayan da aka fara ta da su. A farkon shekarun 2000 wasu suka kwance gilashin kyamarar hira ta kwamfuta, irin Philips ToUcam, suka cusa ta a bakin madubi. Wani ɗan Holan, Cor Berrevoets, ya rubuta manhajar RegiStax ya sake ta kyauta. Da Mirriku ta matso kusa da mu ranar 27 ga Agustan 2003, tazarar kilomita miliyan 56 ba kaɗan, mutane a gidajensu suka fito da hotunan farar ƙanƙarar ƙuryarta da duhu-duhun jikinta, waɗanda suka fi na manyan cibiyoyi a zamanin fim. Daga baya wani ɗan Holan ɗin, Emil Kraaikamp, ya fito da AutoStakkert, ita ma kyauta. Da kumbon Juno ya isa Mushtari a Yulin 2016, masu tafiyar da kyamararsa sun riƙa karɓar hotunan masu sha'awa don sanin inda guguwowi suka koma kafin kumbon ya ratsa ta kansu.

Taurari masu nisa da gajimarensu kuwa matsalarsu akasin wannan ce. Haskensu ya yi rauni ƙwarai, dole a bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci, alhali ƙasa tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Bar kyamara a buɗe minti guda, kowane tauraro ya zama ɗan layi. Masu hali suna sayen mazauni mai inji da ke juya kyamara a hankali yana bin sama. Sukan tara hasken wuri guda na sa'o'i goma, ashirin, har ɗari, dare bayan dare. Da irin wannan naci ne Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty suka gano wani ƙaton baka na iskar oksijin mai haske a gefen Andromeda, aka sanar a farkon 2023. Andromeda fa, wadda haskenta ke shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu, tana cikin wuraren da aka fi ɗauka hoto a sama duka. Shekara fiye da ɗari ana kallonta, ba wanda ya zauna mata da matatar haske irin tasu na tsawon da suka zauna.

Wani lokaci kuma rabo ne. Víctor Buso, mai gyaran makullai a Rosario ta Ajantina, ya sayi sabuwar kyamara, ya hau ɗakin kallon da ya gina a saman gidansa ranar 20 ga Satumban 2016 don ya gwada ta. Ya auna gungun taurari na NGC 613 yana ɗaukar hotuna na daƙiƙa 20. A hotunan farko babu komai a wani gefe. Can sai ɗigo ya ɓullo, yana ƙara haske daga hoto zuwa hoto. Ashe tauraro ne ke fashewa, kuma ya kama sa'ar farko ta fashewar, abin da masana suka daɗe suna nema ba su samu ba. Mujallar Nature ta buga binciken a 2018 da sunansa cikin marubuta. Rabo ne, amma rabon ya tarar da mutumin da ya san wurin sosai har ya gane baƙon ɗigo cikin ɗaruruwa.

Kada waɗannan labarai su sa wani ya ga kamar sai da kayan miliyoyi. Duk mai kyamarar ɗaukar biki, da gilashi mai jawo nesa, da ƙafa uku ta ɗora kyamara, yana da abin farawa a daren yau. Wata ne malamin farko. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne barin kyamara ta zaɓa wa kanta, ita kuwa ta ga duhu ta buɗe ido sosai, wata ya fito farin dunƙule babu fasali. Wata dutse ne da rana ke haskawa, saitin rana yake so: ISO 100, ƙofar gilashi a f/11, saurin ɗauka wajen ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, sannan a gyara sama ko ƙasa. A kashe saitin kai-da-kai, a ƙara girman hoton a allo, a murza zoben gilashi da hannu har bakin ramuka ya yi kaifi. A sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada taɓin yatsa ya girgiza kyamara. Kuma kada a jira daren sha huɗu. Cikakken wata rana na dukansa ne gaba da gaba, babu inuwa, ya fito a shafe. A neme shi daren bakwai zuwa goma, a dubi layin da ya raba haske da duhu. A nan inuwa ke miƙewa, ramuka su yi zurfi, tsaunuka su tashi. Wajen daren tara ko goma ramin Copernicus, mai faɗin kilomita 93, yana fitowa a bakin layin, gefensa guda na haske, cikinsa baƙi ƙirin.

Daga nan a juya ga Mushtari. Da gilashin milimita 200 ko 300, a buɗe kamar rabin daƙiƙa, za a ga farin ƙwallo da ƙananan ɗigo a jere a gefensa, wani dare huɗu, wani dare uku ko biyu. Su ne watannin da Galileo ya gani a Janairun 1610: Io, Europa, Ganymede da Callisto. A sake ɗauka bayan sa'a uku, a jera hotunan biyu. Na kusa da ita, Io, wanda ke kewaye ta cikin sa'a 42 da rabi, sau da yawa za a tarar ya gusa. Ina ganin babu darasin kimiyya a allo da zai kama zuciyar yaro kamar waɗannan hotuna biyu, in shi ya danna da hannunsa.

Taurari kuma gilashi mai faɗi suke so. A raba 500 da tsawon gilashin, abin da ya fito shi ne kimanin daƙiƙun da za a iya buɗewa kafin taurari su ja layi, a rage kashi ɗaya cikin uku in farantin kyamarar ƙarami ne. Gilashin milimita 18 a ƙaramin faranti ke nan yana ba da wajen daƙiƙa 18. A ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, a ajiye hoto a tsarin RAW, a auna Kaza da 'Ya'yanta, a ɗauki hamsin a jere. Sannan a rufe gilashi da murfinsa a ɗauki ashirin na duhu zalla da saiti iri ɗaya, domin manhaja ta san ɗigon da faranti ke ƙirƙira da kansa ta debe shi. Manhajojin Siril da DeepSkyStacker duk kyauta ne. Inda ido ke ƙirga 'ya'yan kaza shida ko bakwai, hoton zai fito da ɗaruruwa.

A nan ne nake ganin muna zaune kan dukiyar da ba mu taɓa ba. Damian Peach, Baturen Ingila da ya yi suna wajen hoton duniyoyi, ya sha ɗaukar kayansa ya tafi tsibirin Barbados. Iskar teku mai natsuwa na cikin abin da ke kai shi, wannan ba mu da ita. Ɗaya dalilin kuwa muna da shi: Barbados tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, layi ɗaya da Sakkwato da Katsina. A shekarun da Mushtari ko Zuhalu suka karkata kudu, mutumin Landan ba ya samunsu sama da digiri 15 daga doron ƙasa, cikin iska mai kauri. A Kano a wannan dare suna hawa digiri 55. Ga duhu kuma. Taswirar gurɓatar sama da hasken lantarki da aka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, ta kuma sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Wanda ya kwana a karkarar Damagaram ko Agadas ya san irin saman da ake nufi.

Namu cikas ɗin hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da Orion ke tsaye a ka, ƙurar hunturu kan dusashe komai, ta kuma shiga kyamara in aka canza gilashi a fili. Mafi kyawun dare shi ne wanda ruwa ya wanke sama da damina, da kuma 'yan makonnin kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin buji ya taso. Sai batun tsaro, wanda ba abin wasa ba ne a wurare da yawa. Dogon bututu a kan ƙafa uku cikin dare yana iya kama da wani abu daban a idon wanda bai san shi ba. Soron gida ko filin makaranta ya wadatar, kuma a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, in da hali a leƙa musu su ga zoben Zuhalu da idonsu.

Akwai wata magana da ta zama dole, ta amana. Hoton sama duk sai an sarrafa shi, a ja haske, a fito da launi, wannan ba laifi ba ne matuƙar abin da aka fito da shi yana cikin hasken da aka tara. Laifin yana farawa inda aka ƙara abin da kyamara ba ta gani ba. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wasu wayoyi da aka nuna musu dusashen hoton wata a allo, suka mayar da shi da ramuka tsaf, domin manhajarsu ta riga ta haddace kamannin wata. Irin wannan hoto yana da kyau a ido, amma da wani abu zai faɗo wa wata a daren, ba shi za a kai shaida ba. Darajar bidiyon Wesley da hotunan Buso ita ce ɗanyen fayil yana nan, da lokacinsa daidai har daƙiƙa. Duk mai son a ɗauki aikinsa da muhimmanci ya saita agogon kyamararsa, ya kuma adana ɗanyen.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska da ba ta dami Turawa ba, wato jinjirin wata. Thierry Legault, injiniya ɗan Faransa, ya ɗauki hoton jinjiri da rana tsaka ranar 8 ga Yulin 2013, a daidai lokacin haihuwar wata, ta hanyar tara hotuna masu yawa da matatar hasken da ido ba ya gani. Babu idon ɗan Adam da zai iya ganin wannan jinjiri. Ko hoto irin wannan yana tsayawa matsayin gani, hukunci ne na malamai da kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi, mai kyamara ba shi da ta cewa. Abin da ke wuyansa shi ne faɗin gaskiyar yadda ya samu hoton: da ido ya fara gani, ko da madubi, ko kuwa sai a kwamfuta ya bayyana, da ƙarfe nawa, a wane gari.

Rana ita kaɗai ce ba a koyo a kanta da gwaji. Gilashin da ke jawo nesa yana tattara zafinta, ya ƙone farantin kyamara, ya kuma makantar da ido cikin ƙiftawa, makantar da ba ta da magani. Baƙin tabarau, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, tsohon fim ɗin asibiti, babu mai karewa a cikinsu. Matatar rana ta musamman ake sawa, a gaban gilashi, a ɗaure ta yadda iska ba za ta cire ba. Mutanen Gusau da Katsina da Maraɗi da suka ga rana ta yi duhu ranar 29 ga Maris 2006, kaɗan ne a cikinsu ke da kyamarar dijital a lokacin. Ranar 2 ga Agustan 2027 wani husufin zai ratsa arewacin Afirka, ya yi fiye da minti shida a Luksor ta Masar, ya bi ta Jidda da Makka. A ƙasar Hausa wani ɓangare na rana ne kawai zai rufu, ma'ana daga farkonsa har ƙarshensa babu lokacin da za a cire matata, ko daga kyamara ko daga ido.